Kasafin Soja: Mu da Maƙwabtanmu, Wa Ya Fi Kashewa, Wa Ya Fi Amfana?

A watan Afrilun kowace shekara, cibiyar SIPRI da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin takan fitar da lissafin abin da ƙasashen duniya suka kashe wa sojojinsu. A lissafin 2024 kuɗin ya kai dala biliyan 2,718, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Da zarar irin waɗannan alƙaluma sun iso Najeriya, sai masu sharhi su rabu gida biyu. Gida ɗaya, inda za ka tarar da tsofaffin hafsoshi da wasu 'yan majalisa, cewa suke muna yi wa soja rowa: Chadi na ba sojanta kusan kashi 3 cikin 100 na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara, Mali da Burkina Faso suna wajen kashi 4, mu kuwa ko kashi 1 ba mu cika ba. Ɗaya gidan kuma cewa suke tsaro ya lashe kasafin ƙasa, ya bar makarantu da asibitoci hannu rabbana, amma har yau manomi a Zurmi ko Sabon Birni sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa.

Kowane ɓangare alƙalumansa daidai ne. Abin da nake ja da shi shi ne amfani da maƙwabta a matsayin hujjar neman ƙari, alhali ba a gaya mana inda na baya ya shiga ba.

Bari mu fara da kuɗin kansu. A 2023, SIPRI ta ƙiyasta abin da Najeriya ta kashe wa soja a kan dala biliyan 3.2. A wannan shekarar babu ɗaya daga cikin maƙwabtanmu huɗu, Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, da ta kai rabin biliyan, kuma ko an haɗa su duka ba su kamo mu ba. Amma idan aka raba biliyan 3.2 ga mutum sama da miliyan 220, kowane ɗan Najeriya ya tashi da dala 14 da ɗoriya. Chadi kuwa a 2024 ta ƙara kuɗin sojanta da kashi 43 cikin 100, ya kai dala miliyan 558, wato kusan ninki biyu na namu a kan kowane mutum. Sai dai ita da Nijar kowacce ta fi Najeriya faɗin ƙasa, don haka idan da murabba'in kilomita aka auna, mu ne a sama nesa ba kusa ba. Mai neman hujja zai samu, muddin ya iya zaɓen ma'auni.

Akwai kuma abin da masu kururuwar tiriliyoyi ba su cika faɗa ba. A kasafin 2023, na ƙarshe a mulkin Buhari, an ware wa tsaro gaba ɗaya, da soja da 'yan sanda da sauran hukumomi, naira tiriliyan 2.98. A lokacin dala tana ƙasa da naira 470 a farashin gwamnati, kuɗin ya haura dala biliyan 6. Kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya kai wa majalisa ya ware tiriliyan 4.91, aka yi ta yayata cewa tsaro ya samu kaso mafi tsoka. An lissafa wannan kasafin a kan naira 1,500 kowace dala, ka ga ke nan bai wuce dala biliyan 3.3 ba. A takarda an yi ƙari mai yawa, a kasuwar makamai rabi aka zaftare. Jirgin yaƙi da kayan gyaransa da harsashin manyan bindigogi duk da dala ko yuro ake sayensu. Maƙwabtanmu huɗun nan kuwa sefa suke kashewa, ita kuma an ɗaure ta da yuro a kan 655.957 tun shekaru. Duk sukar da ake yi wa sefa, kuma akwai abin suka, ma'aikatar tsaro a Yamai ko Yawunde ba ta wayi gari ta tarar da kasafinta ya narke kamar yadda ta Abuja ta tarar bayan an saki naira a watan Yunin 2023 ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu neman ƙari, kuma na yarda da ita.

To amma lissafin nan na hukuma, namu da nasu, duk da ɓaraka. A wajenmu akwai kuɗin tsaro da gwamnoni da wasu masu mulki ke karɓa ba tare da an bi sawunsa ba. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta shi a kan dala miliyan 670 a shekara a rahotonta na 2018. Wannan kaɗai ya fi abin da Chadi ta kashe wa sojanta baki ɗaya a 2024. Ga Askarawan Zamfara, ga dakarun sa-ido na jihar Katsina, ga 'yan kato-da-gora a Borno, duk daga aljihun jihohi. Ga dala biliyan 1 da aka amince a cire daga asusun rarar mai a Disambar 2017. A Kamaru, rundunar BIR, wadda ita ce ƙashin bayan yaƙin da suke yi a arewa mai nisa, ta daɗe tana samun kuɗi kai tsaye daga kamfanin man ƙasar, ba ta hanyar kasafin da majalisa ke gani ba. Nijar da Chadi kuma sun yi shekaru wasu na ɗauke musu wani nauyin: jiragen Faransa a Yamai da Njamena, da sansanin jirage marasa matuƙa da Amurka ta gina a Agadas kan sama da dala miliyan 100. Faransa ta bar Nijar a Disambar 2023, Amurka ta bi bayanta a 2024, Chadi ta sallami sojan Faransa a Janairun 2025. Wani ɓangare na hauhawar kasafinsu na yanzu cike wannan gurbin ne. Shi ya sa Yamai ta buɗe asusun taimakon ƙasa, Wagadugu ta kai ga yankar kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata don ciyar da yaƙi.

Akwai kuma wani kasafin tsaro da ba ya shiga kowane littafi, wanda talaka ke biya daga rumbunsa. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya sun biya kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23 cikin wata goma sha biyu. An yi jayayya sosai a kan adadin, ni ma ina ganin ya yi yawa. Amma ko kashi ɗaya cikin goma ne gaskiya, an biya haraji sau biyu ke nan, ɗaya ga gwamnati, ɗaya ga ɓarayin daji.

Tun da takarda ba za ta raba gardama ba, sai mu koma fagen fama, kuma an taɓa yin gwajin a idon kowa. A ƙarshen 2014 Boko Haram na riƙe da Gwoza da Bama da Dikwa da Gamboru da Damasak, har ta taɓa kama Mubi. A watan Fabrairun 2015 sojojin Chadi suka tsallako ta Fotokol a Kamaru suka ƙwace Gamboru, suka zarce Dikwa. A watan Maris, su da sojojin Nijar suka karɓe Damasak. Marigayi Idriss Deby, shugaban Chadi na lokacin, ya fito fili yana ƙorafin cewa suna ƙwato garuruwa amma ba sa ganin sojan Najeriya ya zo ya karɓa. Adalci ne a ce sojojinmu ma a wancan lokaci sun ƙwato Baga da Monguno da Bama da Gwoza, cikin makonni shida da aka ɗage zaɓe, da taimakon sojojin haya daga Afirka ta Kudu. Duk da haka abin kunya ya riga ya faru: ƙasar da kasafin sojanta ya ninka na maƙwabciyarta sau da yawa ta jira maƙwabciyar ta zo ta buɗe mata hanya a cikin gidanta.

Me ya jawo? Kuɗi dai an fitar. A 2014 majalisa ta amince wa Shugaba Jonathan ya ciyo bashin dala biliyan 1 don sayen makamai. A watan Satumbar wannan shekara hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar dala miliyan 9.3 a cikin wani ƙaramin jirgi da ya taso daga Najeriya, aka ce kuɗin makamai ne. Kafin nan, a watan Mayu, sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri sun buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, ta ƙara da wasu 54 a Disamba, waɗanda kukansu shi ne an tura su yaƙi ba isassun makamai. Shekara guda bayan haka aka kama Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na makamai. Ya musanta, an tsare shi shekara huɗu duk da belin da kotuna suka ba shi, shari'ar kuma ta yi ta jan ƙafa. Ban isa in yanke masa hukunci ba. Abin da na sani shi ne an yi saurin hukunta kurtun da ya ce ba shi da harsashi, an kasa gama shari'ar kuɗin harsashin.

Kada wani ya ɗauka ina cewa mu kwaikwayi Chadi. Ƙarfin sojanta da tsada ta saye shi. Bankin Duniya ya shiga aikin bututun man Chadi zuwa Kamaru ne bisa sharaɗin a kashe kuɗin man a kan lafiya da ilimi, a ajiye wani abu don 'yan baya. Deby ya sauya dokar ya karkata kuɗin ga makamai saboda barazanar 'yan tawaye, waɗanda suka iso har Njamena a 2006 da 2008, bankin ya tattara ya fice a 2008. Rundunar da aka gina da kuɗin ta iya yaƙin sahara, ta nuna haka a duwatsun arewacin Mali a 2013. Amma mafi kyawun kaya da albashi na dakarun fadar shugaban ƙasa ne, waɗanda manyansu suka fito daga dangi da ƙabilar mai mulki. A 2019 sai da jiragen Faransa suka tare ayarin 'yan tawaye kafin ya matso. A Maris 2020 Boko Haram ta kashe sojojin Chadi kusan 100 a Bohoma cikin kwana ɗaya. A Afrilun 2021 Deby kansa ya rasu sakamakon raunin da ya samu a fagen daga, sojoji suka ɗora ɗansa. Har yau Chadi na sahun ƙarshe a jerin ci gaban ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kashi 3 cikin 100 ɗin nan gadon mulki ya fi tsarewa.

Mali da Burkina Faso da Nijar, inda sojoji suka karɓi mulki tsakanin 2020 da 2023 da sunan gazawar farar hula a harkar tsaro, sun kashe wa soja dala biliyan 2.4 a haɗe a 2024. Ta Burkina ta fi ninka kasafinta cikin shekara uku. Ita ce kuma ta zo ta ɗaya a jerin ƙasashen da ta'addanci ya fi addaba a duniya a rahotannin 2024 da 2025. A Satumbar 2024 mahara sun shiga Bamako har filin jirgin sama. Ina da 'yan'uwa masu ƙaunar waɗannan gwamnatoci saboda sun tsaya wa Faransa, kuma na fahimci dalilinsu. Ni dai ban ga inda yawan kaso ya zama zaman lafiya ba tukuna.

Cutarmu ma ba ta tsaya a iyaka ba. A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron Nijar ya bankaɗo kusan sefa biliyan 76 da suka salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Labarin ya fito ne jim kaɗan bayan an kashe sojoji 71 a Inates da 89 a Shinagodar. Waɗanda suka fita zanga-zanga a Yamai su aka fara kamawa. Duk ƙasar da ta rufe littafin soja da sunan sirri, ƙara mata kuɗi ɗiban ruwa ne da kwando. A Najeriya rufin ma doka ce ta yi shi: dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro daga ƙa'idojinta sai in shugaban ƙasa ya ba da izini.

Sai kuma tambayar abin da ake saye ko da ba a saci ko kwabo ba. Najeriya ta biya dala miliyan 496 a 2018 don jiragen Super Tucano 12, suka iso a 2021. Ta sayi JF-17 uku daga Pakistan, da jirage masu saukar ungulu na T-129 daga Turkiyya, ta ƙulla cinikin jiragen M-346 guda 24 da Italiya, Amurka kuma ta amince a sayar mata da AH-1Z guda 12 kan kusan dala biliyan 1. Babu maƙwabciyar da ke da kwatankwacin wannan. A Disambar 2025, da aka yi yunƙurin juyin mulki a Kwatano ta ƙasar Benin, jiragenmu sun isa cikin sa'o'i. Amma abokin gabar da ke hana mutanen Maru da Birnin Gwari barci a kan babur yake zuwa, mutum biyu ko uku da AK-47, ya san kowace hanyar daji, yana da masu kai masa rahoto a cikin gari. Jirgi na iya tarwatsa sansani, ba zai kwana a ƙauye ya hana a dawo ba. Idan kuma bayanan sirri suka yi rauni, sai a samu kuskuren harin sama irin na Rann a 2017, ko na Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgi mara matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 a wajen Mauludi. Abin da ke riƙe gari mutum ne a ƙasa, da mota mai lafiya, da man da zai kai ta, da na'urar sadarwa, da canji a kan lokaci don kada soja ya shekara huɗu a bakin daga bai ga iyalinsa ba. Sai a 2025 aka ɗaga kuɗin abincin soja daga naira 1,500 zuwa 3,000 a rana. Mai karatu ya san abin da dubu uku ke saya a kasuwa yau. Kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kaduna tun 1964 yake, shekara sittin da ɗoriya, amma har yanzu mafi yawan abin da muke harbawa daga waje ake kawo shi. An yi masa sabuwar doka a 2023, muna jiran gani a ƙasa.

Kwatanta kasafi da na maƙwabci yana da ma'ana ne a inda maƙwabcin shi ne abin tsoro. Aljeriya ta kashe dala biliyan 21.8 a 2024, Maroko biliyan 5.5. Iyakarsu a rufe take tun 1994, sun yanke hulɗa a 2021, rikicin Yammacin Sahara na tsakaninsu, kowacce na ƙirga jiragen ɗayar. Mu ba haka muke ba. Rabon da mu yi rikicin iyaka na ƙasa da ƙasa tun na Bakassi da Kamaru, ita ma kotun duniya ta raba a 2002. Wanda ke kashe mutane a Mallam Fatori shi ke kashewa a Bosso, a Kolofata, a tsibiran Tafkin Chadi. 'Yan bindigar da suka kori mutanen Isa da Jibiya su ne ke addabar Madarunfa da Gidan Rumji. 'Yan ta'addar Lakurawa ta iyakar Nijar suka shigo Tangaza da Gudu. Sojoji 54 da Benin ta rasa a arewacinta a Afrilun 2025, dajin da aka kashe su ba shi da nisa da Kebbi da Neja. Don haka duk sefar da Nijar ta kashe da kyau a Diffa ko Maraɗi riba ce ga Najeriya, kowace kuma ta ɓata asara ce gare mu. Gemun ɗan'uwa ya daɗe da kama wuta.

A nan ne nake ganin mun fi yin sake. Rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, mai hedikwata a Njamena, wadda Najeriya ta yi wa alƙawarin dala miliyan 100 a 2015, ita ce wuri ɗaya da kuɗin ƙasashen nan ke haɗuwa su yi aiki tare. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ƙarƙashin jagorancin Najeriya ta ba sojojin Nijar wa'adin mako guda, aka yanke wuta, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, aka yi ta maganar tura dakaru. Sanatoci da sarakuna da malamai suka taka burki, Allah ya saka musu. Amma amana ta riga ta karye. Bayan an kashe sojojin Chadi kusan 40 a Barkaram a Oktoban 2024, Mahamat Deby, ɗan Idriss Deby da ya gaje shi, ya yi barazanar ficewa daga rundunar, yana cewa an bar su su kaɗai. A Maris 2025 Nijar ta fice. Iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,500 ta koma kowa tasa ta fishshe shi. Wannan giɓi babu tiriliyan ɗin da zai cike shi, kuma gyara shi bai kai kuɗin jirgi ɗaya ba. Na san laifin ba na Abuja kaɗai ba ne, Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi ta jifan Najeriya da zarge-zarge masu nauyi ba tare da ya kawo shaida ba. Babba dai shi ke fara miƙa hannu.

Ina goyon bayan a ƙara wa soja kuɗi. Ƙasa mai mutum miliyan 220, da sojojinta ke aikin cikin gida a kusan kowace jiha, ba za ta ci gaba da ƙasa da kashi 1 cikin 100 ba, balle da nairar da ta zube. Amma ƙarin da sharaɗi. Majalisa ta san yawan sojojin da ke karɓar albashi, mutum da mutum, ta hanyar tantancewa. Duk wani cinikin makamai, Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya ga takardarsa ya kuma ga kayan da idonsa; in akwai sirri, a yi zaman a rufe, amma a yi shi. Gwamnoni su bayyana abin da suke karɓa da sunan tsaro. A ware wani kaso sananne na rundunonin iyaka da aikin haɗin gwiwa da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, a daina barinsa sai an yi ta'asa a tuna da shi.

'Yan majalisar Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kebbi su ya kamata su fi kowa matsawa, domin mutanensu ake binnewa. Kai kuma mai karatu, idan wakilinku ya zo gida hutun sallah, bayan gaisuwa ka tambaye shi nawa ya sa hannu aka ba tsaro a bana, da abin da ya gani da idonsa an saya da na bara.